Ranar Da Dare Da Rana Suke Yin Kunnen Doki

Yau za mu ɗaga kai mu dubi sama, ko da yake, kamar yadda za ku gani, zancen ba zai yi nisa da bakin murhu ba.

Sau biyu a kowace shekara akwai ranar da tsawon dare da tsawon yini suke zuwa daidai a ko'ina cikin duniya. Ta farko takan faɗo ran 20 ko 21 ga Maris, ta biyu kuwa ran 22 ko 23 ga Satumba. Larabawa suna kiranta i'itidali, watau daidaituwa. A nan wurinmu takan zo ta wuce ba wanda ya ce mata sannu. Amma akwai ƙasashen da mata sukan yi makonni suna shirin zuwanta, har a rufe makarantu da ofisoshi dominta.

Ga yadda abin yake. Duniya tana juyawa kamar katantanwa, tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara. Sai dai ba a miƙe take ba, a karkace take da digiri 23 da rabi. Saboda haka wata shida arewacin duniya ne yake fuskantar rana sosai, wata shida kuma kudanci. A waɗannan ranaku biyu ne kaɗai rana take tsayawa a kan layin da ya raba duniya biyu, wanda littattafan labarin ƙasa suke kira Ikwaita, sai haske ya rabu raba daidai. A ranar, rana takan fito daga gabas sak, ta faɗi yamma sak. In za a bi diddigi, yini yakan ɗara dare da 'yan mintoci, domin ana fara ƙirga shi tun gefen rana ya leƙo, amma wannan ba abin da za a yi gardama a kai ba ne.

To, me ya sa mu ba mu damu da ita ba? Domin muna kusa da wannan layi. A Kano, yini mafi tsawo, cikin watan Yuni, bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuwa, cikin Disamba, ya haura awa 11. Bambancin duka wajen awa ɗaya da rabi ne, ba ya wuce ki lura asuba ta ɗan matso ko magariba ta ɗan yi sauri. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Yawunde ma ba a magana, nasu bambancin bai kai namu ba. Amma a London yinin Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai kai awa 8 ba. Yara su tafi makaranta da duhu-duhu, su komo gida da duhu, ga sanyi, itatuwa duk sun kaɗe, gona ba ta tsirar da kome. Wadda ta sha wannan wata uku ko huɗu, ran da aka ce mata daga yau yini zai rinjayi dare, ai ba sai an roƙe ta ta yi murna ba. A kudancin duniya kuwa, kamar Afirka ta Kudu da Ostareliya, abin a juye yake, Satumba ce mai kawo musu ɗumi.

Ba inda aka ɗauki wannan rana da girma kamar Iran da maƙwabtanta. A can ita ce ranar sabuwar shekara, sunanta Nauruz, watau sabuwar rana. Bikin ya girmi zuwan Musulunci ƙasar, tun zamanin Majusawa ake yinsa, ya kuma zauna bayan mutanen sun musulunta. A 1079 Sarki Malik Shah ya sa masana taurari, cikinsu har da Umar Hayyam, suka gyara lissafin shekara yadda farkonta zai riƙa dacewa da wannan rana. Kalandar da Iran take aiki da ita tun 1925 daga Hijira take ƙirge, amma da rana, ba da wata ba. Shi ya sa a Maris na 2025 suka shiga shekara ta 1404, alhali a lissafin wata ana cikin azumin 1446. Shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana 11, su ne suka taru suka yi wannan rata.

Kuma su ba tsakar dare suke jira ba. Masana suna faɗin awa da minti da rana za ta hau layin, in da hantsi ne da hantsi, in ƙarfe uku na dare ne sai a ta da yara daga barci a sa musu sababbin kaya.

Aikin uwargida kuwa tun makonni kafin nan yake farawa. Da farko akwai abin da suke kira girgiza gida. A fitar da darduma a wanke, a sauke labule, a goge tagogi, a zazzage akwatuna, abin da ya karye a gyara ko a yar. Duk wadda ta taɓa yin kwalimar ɗaki ana jibi salla ta san irin ciwon bayan. Sa'an nan ta jiƙa alkama ko sha'ir a faranti, ta rufe da ɗanyen ƙyalle, kullum tana yayyafa ruwa, har ya tsiro kore shar kamar 'yar gona. Wannan tsiro shi ne na farko cikin abubuwa bakwai da ake jerawa a kan shimfiɗa, waɗanda duk sunayensu a harshen Farisa da harafin sinun suke farawa. Sauran su ne tuffa, da tafarnuwa, da ruwan tsami na khal, da wani jan gari mai tsami da suke barbaɗawa a nama, da wani busasshen ɗan itace mai kama da magarya, da wani abin zaƙi na alkama mai suna samanu, wanda za mu komo kansa. Kowanne da fatan da yake ɗauke da shi, tuffa lafiya da kyau, tafarnuwa magani, ruwan tsami haƙuri da tsawon rai. Akan ƙara madubi, da kyandir, da ƙwai mai launi, da Alƙur'ani, wasu gidajen kuma da littafin waƙoƙin Hafiz na Shiraz. Nan iyali za su kewaye su jira shigowar shekara. Abincin ranar shinkafa ce da aka dafa da ganyaye masu ƙamshi, da kifi.

Daga nan sai ziyara, kwana goma sha biyu. Ƙanana ne suke fara zuwa gaida manya, manya su ba yara sababbin takardun kuɗi, kamar dai goron salla. Masu gaba su shirya. Ran kwana na 13 kowa ya bar gida, a kwashi tabarmi da tukwane a tafi bayan gari ko bakin rafi a yini. Tsiron nan da uwargida ta yi reno sai a jefa shi cikin ruwa mai gudu. Kafin a jefa, 'yan mata sukan ƙulla ganyensa suna fatan miji kafin baɗi. Ku 'yan makaranta kada in ji labarin wata ta je tana ƙulla ciyawar filin wasa, jarrabawa ce a gabanku.

Akwai wani ɓangare da ba kowa ke so ba. Daren Talata ta ƙarshe kafin bikin, akan hura wuta a kan titi ana tsallakewa. Malaman addini da yawa a can suna ganin wannan ragowar majusanci ne, likitoci kuma suna kuka da shi, domin samari sun haɗa shi da kayan wasan wuta masu fashewa, kowace shekara sai an kwashi masu ƙuna zuwa asibiti.

Mu komo kan samanu, domin a ganina nan ne zuciyar bikin take. A Uzbekistan sumalak ake ce masa, a Afganistan samanak. Ba a sa masa sukari ko kaɗan. Alkama ake jiƙawa ta yi kwanaki har ta tsiro, a niƙa tsiron, a tace ruwansa fari kamar madara, a haɗa da gari da mai a zuba a ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Zaƙin daga tsiron yake fitowa, kuma wadda ta taɓa sa tsiron hatsi a kunun zaƙi ta san wannan sirri. Amma fa sai an tuƙa, tun daga yamma har gari ya waye, ba a ajiye muciya. Mace ɗaya ba ta iyawa, saboda haka aikin gayya ne. Matan unguwa sukan taru, wannan ta kawo itace, waccan ta kawo gari, suna karɓa-karɓa, suna waƙa da wata ganga mai kama da bandiri. Akan jefa 'yan duwatsu masu tsabta a cikin tukunyar don kada ya kama, wadda kuma ta tsinci dutse a kwanonta sai a ce ta yi sa'a. Da safe a buɗe, ya yi ja ya yi kauri, a rarraba gida gida.

Wannan tukunya ta ga zamani iri iri. Tarayyar Sobiyet ta yi shekaru da dama tana hana bikin a fili a ƙasashen tsakiyar Asiya, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka sake shi. A Turkiyya, inda Kurdawa suka mai da shi ranar nuna su wane ne su, an yi arangama da jami'an tsaro a garin Jizre a bikin 1992, mutane da dama suka rasu. A Afganistan gwamnatin Taliban ta soke hutun ranar a 2022. Abin lura shi ne, hukuma tana iya hana taro a dandali, ta hana jawabi da tuta, amma da wuya ta bi gida gida tana leƙa faranti a bayan taga ko alkama ta tsiro. Abin da ya rage a hannun mata shi ya fi wuyar kashewa, kuma daga nan bikin ya sake fitowa da aka ba shi hanya. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da 21 ga Maris a matsayin ranar Nauruz ta duniya, ta ce mutum fiye da miliyan 300 ne suke yinsa.

In muka nausa gabas zuwa Japan, sai mu tarar da wani hali dabam. Ba kiɗa, ba wuta. Ranakun biyu duka hutu ne na gwamnati, a ƙarƙashin dokar 1948, kuma masu duban taurari na ƙasar ne suke tsai da ranar, a sanar tun watan Fabrairu na shekarar da ta gabata. Mako guda ake yi, kwana uku kafin ranar da kwana uku bayanta, sunansa Higan, watau wancan ƙetaren. A wurin mabiya addinin Buda na can, gidan rahama yana yamma ne, to ran da rana ta faɗi yamma sak sai suke ganin hanya ta miƙe tsakanin masu rai da waɗanda suka riga mu. Saboda haka iyali sukan tafi maƙabarta, su share kaburburan iyaye, su cire ciyawa, su wanke dutsen, su ajiye furanni da turaren wuta. Abincin makon curin shinkafa ne mai danƙo da aka lulluɓe da jan wake da aka dafa da sukari. Abu ɗaya ne, amma a Maris sunansa botamoci, a Satumba ohagi, kowanne da sunan furen da yake buɗewa a lokacin. Suna da karin magana cewa zafi da sanyi duk iyakarsu Higan.

A Sin manoma sun raba shekara kashi 24 bisa tafiyar rana, waɗannan ranaku biyu suna ciki. Sarakunansu na da sukan yi hadaya ga rana a Maris, ga wata a Satumba, wuraren da aka gina don haka a 1530 suna nan a birnin Beijin, sun zama lambunan shaƙatawa. Tun 2018 ranar ta Satumba ta zama bikin girbi na manoman ƙasar. Yara kuma sukan yi gasar tsai da ɗanyen ƙwai a kan gindinsa, wai a ranar kaɗai yake tsayuwa. Wannan kam ba gaskiya ba ne. Mai haƙuri da hannu marar rawa za ta tsai da ƙwai ko ran Laraba ta tsakiyar damina, in dai uwargida ta yarda a yi wasa da ƙwanta.

A Folan, ran 21 ga Maris, 'yan makaranta sukan yi 'yar tsana babba da ciyawa, su sa mata tsummoki, sunanta Marzanna, ita ce sanyi. Sai a kai ta kogi a jefa, wani lokaci a cinna mata wuta tukuna. Ranar ce kuma ɗalibai suka mai da ita ranar gudun makaranta, har malamai suka gaji suka koma shirya musu fita da wasanni don a san inda suke. Wannan al'ada dai a bar wa masu ita.

Wasu mutanen kuwa a jikin dutse suka rubuta ranar. A Meziko, a yankin Yukatan, akwai tsohon birnin mutanen Maya mai suna Cicen Itsa. A tsakiyarsa akwai dala ta dutse, ginin wajen shekara dubu, mai siffa irin ta dalar gyada da aka sani a Kano a da, sai dai hawa hawa take. Tana da matakala a kowace fuska ta huɗu, kowace da taki 91. In kin haɗa, 364 ke nan, ki ƙara dandamalin sama, 365, kwanakin shekara. Da la'asar a lokacin daidaituwar, inuwar kusurwar ginin takan faɗa a gefen matakalar arewa, ta bar haske yanki yanki kamar jikin maciji, yana gangarowa har ya haɗu da kan maciji na dutse da aka sassaƙa a ƙasa. Dubban mutane suke taruwa kallo. Masana dai ba su haɗu a kan cewa da gangan magina suka yi don wannan rana ba, domin ana ganin macijin makonni kafin ranar da bayanta. A Kambodiya kuma, a babban ɗakin ibada na Ankor Wat, wanda ya tsaya a mashigar yamma da asuba zai ga rana ta fito daidai kan hasumiyar tsakiya.

Mu matso kusa da gida. Bikin Ista na Kirista da wannan rana ake lissafa shi: Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris, shi ya sa yake yawo tsakanin Maris da Afrilu. A Masar, Litinin da ta biyo bayan Istar Kibɗawa ita ce Shammun Nasim, watau shaƙar iska, bikin da ake dangantawa da zamanin Fir'auna. Musulmi da Kirista duka suke fita lambuna da bakin Nilu, da dafaffen ƙwai mai launi, da ɗanyar albasa, da latas, da wani kifi mai suna fasik wanda ake shanyawa ya ɗan ruɓa sa'an nan a tura shi cikin gishiri. Kifin nan in bai sami gwani ba guba ne. A 1991 a Alƙahira mutum 91 aka kwantar a asibiti saboda shi, 18 suka mutu, kuma hukumar lafiya ta ƙasar takan yi gargaɗi duk lokacin bikin, mutane kuwa ba su fasa ci ba. Cutar daga wata ƙwaya take wadda take yaɗuwa a abincin da aka rufe ba iska, kuma ita ce dalilin da ya sa ake ce muku in gwangwanin kifi ya kumbura a jefar da shi, kada a ɗanɗana.

Masar ɗin ce har wa yau ta zaɓi 21 ga Maris ta zama ranar uwa, tun 1956, bisa shawarar wani ɗan jarida, Mustafa Amin. Yawancin ƙasashen Larabawa suka bi. Yara sukan kai wa uwa kyauta, a makarantu a yi mata waƙa. Ko a ranar ana karɓar mata wanke-wanke, wannan kuma sai a tambayi matan Masar.

Mu namu lissafin da ruwa da iska yake tafiya, ba da tsawon yini ba: rani, bazara, damina, kaka, hunturu. Manomi gajimare yake duba, da juyawar iska, da tohon itatuwa, da dawowar shamuwa. Duk da haka ranakun nan biyu ba su rasa alama a wurinmu ba. Ta Maris tana zuwa ne hazo yana janyewa, zafi yana kankama, lokacin da randa take daraja, ake kuma fargabar sanƙarau. Ta Satumba kuwa tana tarar da gero ya nuna, ana gasa tumu, ruwa yana shirin ɗaukewa.

Wadda take so ta ga abin da idonta, ba sai ta je Meziko ba. Ki sami sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya, ki kafa ta tsaye a tsakar gida inda ƙasa take shafe kuma rana take samu yini guda. Ran 20 ko 21 ga Maris, tun da hantsi, duk bayan awa ɗaya ki ajiye tsakuwa a daidai bakin inuwar. Kafin la'asar sakaliya za ki ga tsakuwoyin sun yi layi miƙaƙƙe daga yamma zuwa gabas. Ki sake gwadawa a Yuni ko Disamba, layin zai tanƙware kamar baka. Wajen ƙarfe 12 da rabi, lokacin da inuwar ta fi gajarta, ki auna ta. A Kano za ki sami wajen santimita 21, tana nuna arewa. A garin Fontiyanak na Indonesiya, wanda yake kan layin Ikwaita, a wannan rana inuwar ɓacewa take ɗungum, har biki suke yi a kai. Tamu ranar rashin inuwa tana zuwa daga baya, sa'ad da rana ta hauro ta iso kanmu: a Kano wajen 21 ga Afrilu, sa'an nan wajen 21 ga Agusta in tana komawa kudu. Ta Afrilu ta fi sauƙin gani, domin a Agusta hadari yakan rufe sama. Sai dai a sa mayafi a ka, a kuma hana ƙananan yara kallon ƙwayar rana.